Darasin Kiwon Lafiya: An Gama Aiki, Saura Jinya

Darasin wannan wata a kan jinya ne bayan tiyata. Tiyata ita ce aikin da likita yake yi a jikin marar lafiya, ya yanka, ya gyara abin da ya lalace ko ya cire abin da yake cutarwa, sannan ya ɗinke. Shi ya sa ake cewa an yi wa wane aiki. Mutane da yawa suna zaton da zarar an sallami mutum daga asibiti, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Ranar sallama rabin jinya aka yi. Sauran rabin a gida ake yin sa.

YADDA ABIN YA SHAFI MUTANEN ZAWACIKI

Zawaciki tana cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da Panshekara da masana'antun Challawa. Magidanta da samari da yawa na wannan yanki suna neman abinci a kamfanonin Challawa da Sharaɗa, wasu har Bompai. Akwai masu aikin jimar fata, da masu aikin roba, da masu lodi da sauke kaya. A watan Janairu na 2023 kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki. Yawancin waɗannan ayyuka na ƙarfi ne.

Mai aikin ƙarfi yakan gamu da gwaiwa, ko karaya, ko yankan inji. Wani kuma afendis ne yake kai shi ɗakin tiyata. Mata ma akan yi musu aiki a ciro jariri idan haihuwa ta zo da gardama. Manyan asibitocin da ake zuwa suna cikin gari. Akwai Asibitin Murtala, da Asibitin Nassarawa, da Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka kafa a 1959, da Asibitin Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988.

Komawa ganin likita yana cin kuɗin mota, yana kuma cin yini guda. Leburan da in bai fita ba babu cefane, sai ya ga gara ya haƙura. Idan ma ya je, yakan tarar da layi mai tsawo, likitoci kaɗan, marasa lafiya da yawa. Wani lokaci ba zai ga likitan da ya yi masa aikin ba. Ta haka ƙaramar matsala take zama babba.

HAƊARIN YA FI YAWA BAYAN AIKI

A shekarar 2016 likitoci sun bi sawun mutum 11,422 da aka yi wa aiki a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya da Nijar. An bayyana sakamakon a 2018. Kusan mutum 1 cikin 5 ya sami matsala bayan aiki. Matsalar da ta fi yawa ita ce shigar ƙwayoyin cuta. Mutum 239 sun rasu. Daga cikinsu, 225 ba ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi bayani a 2016. Ta ce a ƙasashe masu tasowa, mutum 11 cikin 100 da aka yi wa aiki mikinsu yana kamuwa da ƙwayoyin cuta. A Afirka kuma, abin yana iya kaiwa mace 20 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa aikin haihuwa.

A nan Kano an ga misali mai ban tausayi. A watan Janairu na 2026 wata mata ta rasu, bayan an yi mata aiki a wani asibitin gwamnati a watan Satumba na 2025. Danginta sun ce ta yi wata huɗu tana fama da ciwon ciki, in ta koma sai a ba ta maganin rage ciwo. Da aka ɗauki hoton cikinta, sai aka ga almakashin tiyata a ciki. Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta tabbatar da faruwar abin, ta dakatar da ma'aikata 3. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Amma ya nuna cewa ciwon da ya ƙi tafiya yana bukatar bincike, ba ƙarin ƙwaya kawai ba.

CIWO IRI UKU NE

Na farko shi ne ciwon warkewa. Duk inda aka yanka dole ya yi ciwo. Yakan yi tsanani a kwana biyu ko uku na farko. Daga nan sai ya riƙa raguwa. Alamarsa ita ce yau ta fi jiya sauƙi. Ƙaiƙayi da ɗan tsukewar fata a bakin ɗinki duk cikin warkewa ne.

Na biyu shi ne ciwon gargaɗi. Shi ƙaruwa yake yi maimakon raguwa. Ko kuma ya lafa, sannan ya dawo da ƙarfi. Wannan ba a yi masa haƙuri.

Na uku shi ne ciwon da ya zauna. Miki ya warke, amma an wuce wata 3 ciwo yana nan. Likitoci sun san shi, kuma yana da magani irin nasa.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai marar lafiya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne:

1. Zazzaɓi mai zafi ko rawar sanyi.
2. Miki ya yi ja, ya kumbura, yana zafi, ko yana fitar da mugunya mai wari.
3. Ɗinki ya buɗe, ko jini ya ƙi tsayawa.
4. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ana amai, ba bayan gida, ba a fitar da iska.
5. Fitsari ya ƙi fita.
6. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji yana ciwo, numfashi yana yin sama-sama. Wannan yana iya zama gudan jini ne ya toshe hanya.
7. Ga wanda aka sa wa siminti a karaya: yatsu sun yi sanyi, sun canja launi, ko sun mutu ba ya jin su.
8. Ga mai jego: jini mai yawa, ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi.

Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a sayi magani a kemis a zauna. Duk zazzaɓin da ya zo cikin wata guda bayan aiki, a fara nuna wa ma'aikacin lafiya mikin.

TAMBAYOYI KAFIN A BAR ASIBITI

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a naɗe tabarma, marar lafiya ko mai jinyarsa ya yi wa nas ko likita waɗannan tambayoyi:

Mene ne sunan aikin da aka yi? Wace rana za a dawo, kuma wane ɗaki za a je? Zaren ɗinkin na cirewa ne ko mai narkewa ne? Kwana nawa ake canja bandeji? Za a iya wankin mikin a asibitin da ke kusa da gida? Yaushe za a fara wanka? Yaushe za a koma aiki? Wace lamba za a kira idan wani abu ya taso?

A nan ne karatu yake rana. A sayi ƙaramin littafi, a rubuta amsoshin. A haɗa katin asibiti, da takardar sallama, da takardun gwaji, da hotuna, a sa su cikin leda ɗaya. A ajiye inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba. Wanda ya zo da takardunsa, ko wane likita ya tarar zai san inda aka kwana.

KULA DA MIKI A GIDA

A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa miki da kuma bayan an taɓa. Miki ya zauna a bushe, a rufe, kada ƙuda ya sauka a kansa. Kada a zuba masa toka, ko garin magani, ko man shanu, ko kashin dabba, ko garin kafso. Waɗannan suna shigar da cuta, har da ciwon sarƙe haƙora mai kisa. Kada a yi ƙaho ko sakiya a wurin da aka ɗinke. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi, kada ya kai wa mai ɗori ya sake ja.

Akan cire zare tsakanin kwana 7 zuwa 14, gwargwadon wurin da aka yi aikin. Ma'aikacin lafiya ne yake cirewa. Ba a cire shi da reza a gida.

Mai jegon da aka yi wa aiki, kada a fyaɗa mata ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinki. Ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ta tsane wurin da tsumma mai tsabta. Ta tambayi likita tsawon hutun da ya kamata kafin wani cikin. Haihuwa ta gaba kuma a asibiti za ta yi.

Kwanciya wuni guda ba ta da kyau. A tashi a ɗan taka a tsakar gida, a riƙa ƙarawa kullum. Tafiya tana sa jini ya gudana, hanji ya motsa. Idan tari ko atishawa ya zo, a dafe wurin ɗinki da matashi. Amma ɗaukar kaya mai nauyi, sai bayan mako 4 zuwa 6 ga wanda aka yi wa aikin ciki, ko yadda likita ya ce. Fata takan rufe da wuri, naman ciki kuwa yana ɗaukar lokaci. Mai lodin da ya koma ɗaukar buhu tun bai warke ba, zai iya mayar da hannun agogo baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Jiki yana bukatar kayan gini. A ci wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da nono gwargwadon hali. A ƙara da zogale, alayyafo, gwanda da lemo. A sha ruwa mai tsabta sosai don kada ciki ya bushe a riƙa yunƙuri. Taba tana hana miki warkewa da wuri. Mai ciwon suga ya kula da gwajinsa da maganinsa.

SHAN MAGANI BISA ƘA'IDA

Farasitamol yana rage ciwo. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 2 masu lamba 500 a lokaci ɗaya. Ya bar aƙalla awa 4 kafin ya ƙara. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, domin yawansa yana lalata hanta.

Ibufurofen da dikulofenak suna rage ciwo da kumburi. Ana shan su bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Ba a haɗa su biyun tare. Dogon shan su yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Mai olsa, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, a sha shi iya kwanakin da aka rubuta. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna, ko wanda ake talla a faranti cikin rana, a guje shi.

Tiramadol da kodin sai an yi hattara ƙwarai. Likita yakan ba da su na ɗan lokaci idan ciwo ya yi tsanani. Wasu leburori suna ci gaba da sha don su iya fita aiki. Ƙwayar tana rufe ciwon ne kawai, ɓarnar tana ci gaba a ciki. Daga baya jiki ya saba, mutum ya kasa zama sai da ita. Yawan tiramadol yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Hukumar NAFDAC ta amince da mai lamba 50 da mai lamba 100 ne kawai. Mai lamba 200 ko 225 haramtacce ne. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya lalata matasa. Wanda ya ga ya fara sabawa, ya faɗa wa likita gaskiya, a taimake shi ya rage a hankali.

IDAN CIWO YA WUCE WATA UKU

Wani lokaci ƙananan jijiyoyi ne suka taɓu yayin aiki, ko tabo ya matse su. Irin wannan ciwo yakan zo da zafi kamar wuta, ko suka kamar allura, ko fisga kamar lantarki. Kimanin mutum 1 cikin 10 da aka yi wa aikin gwaiwa yakan ji shi. Wanda aka yanke wa hannu ko ƙafa kuma yakan ji ciwo a gaɓar da babu ita. Wannan ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma raki ba ne. Jijiyoyi ne suke ci gaba da aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Matakin farko shi ne likita ya bincika ya tabbatar babu mugunya a ciki, gwaiwar ba ta dawo ba, ƙashi ya haɗe. Idan ciwon jijiya ne, maganinsa dabam ne, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa. Sashen gashin ƙashi ma yana taimakawa da motsa jiki.

Dogon ciwo yana hana barci, yana kawo fushi da baƙin ciki. Marar lafiya kada ya kulle kansa a ɗaki. Ya fita majalisa, ya yi ɗan aikin da ba nauyi. Ranar da ya ji sauƙi kada ya yi aikin kwana uku a yini ɗaya. Idan damuwa ta yi yawa, ita ma a faɗa wa likita.

IDAN AN KOMA BA A SAMI KULAWA BA

A tafi da sassafe, da takardu, da ɗan rakiya mai iya magana. A tafi da littafin nan. Kullum a rubuta kwanan wata, da wurin ciwon, da maganin da aka sha. A ba ciwon lamba daga 0 zuwa 10. Sifiri babu ciwo, goma kuwa ciwon da ba a iya jurewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin ake liƙewa.

Idan an je sau biyu ana ba da maganin rage ciwo ba sauƙi, a yi magana cikin ladabi. A ce ana roƙon a duba wurin da hannu, a yi hoto ko gwajin jini. A nemi ganin babban likitan da ke kula da sashen. Idan abin ya faskara, a nemi takardar turawa wani asibiti. Jin ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba marar lafiya haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa, da harshen da yake ji gwargwadon iko. Ta hana a ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa. Ta kuma ba shi damar kai ƙorafi. A asibitin jiha, ana fara kai kuka wurin shugaban asibiti, sannan Hukumar Kula da Asibitoci. A asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM. A rubuta ƙorafi a takarda, a sa kwanan wata, a riƙe kwafi. Zagi da dukan ma'aikaci ba ya warkar da kowa, laifi ne kuma.

Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin taimakon marasa galihu na asibiti. Ya kuma tambayi yadda ake shiga tsarin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA.

HAƘƘIN MA'AIKACIN KAMFANI

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta shafi wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko na dindindin ne ko na wucin gadi. Hukumar NSITF ce take kula da ita. Kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da kamfani cikin kwana 14. Kamfani ya sanar da hukuma cikin kwana 7. A nemi diyya kafin shekara guda ta cika. Dokar Ƙwadago kuma ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 a shekara, idan ya kawo takardar likita. Saboda haka a karɓi takardar likita, a adana rasit, a sanar da ƙungiyar ma'aikata.

IBADA DA ZUMUNCI

Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Yana iya salla a zaune ko a kwance. Yana iya shafa a kan bandeji, ko ya yi taimama idan ruwa zai cutar da shi. Yana iya ajiye azumi ya rama bayan ya warke. A tambayi malamin unguwa. Addu'a da neman magani tare suke tafiya.

'Yan dubiya su taƙaita zama, kada kowa ya zo da nasa maganin. Taimakon da ya fi shi ne kuɗin mota ranar komawa asibiti, ko ɗebo ruwa, ko kula da yara. Maigida ya ba matarsa izinin zuwa asibiti tun da wuri, ko da ba ya gida. Lafiya uwar jiki ce. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

TAMBAYOYI

1. Ta yaya ake bambanta ciwon warkewa da ciwon gargaɗi?
2. A kawo alamomi 4 da ba a kwana da su.
3. Ƙwayar farasitamol nawa ce iyakar babban mutum a yini da kwana?
4. Cikin kwana nawa ma'aikaci zai sanar da kamfani raunin da ya ji?
5. Ina ake kai ƙorafi idan ba a sami kulawa a asibitin jiha ba?

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya ja layi huɗu a littafinsa. Ya rubuta a samansu: Rana, Wurin Ciwo, Lambar Ciwo, Magani. Sannan ya koya wa mutum ɗaya a gidansu yadda ake cikawa.